Dashen Kunne: Jita, Garaya da Teburin Mai Gyaran Rediyo

Jitar lantarki, idan ba a jona ta da komai ba, kusan bebiya ce. Ka kaɗa tsirkiyoyinta shida da iyakar ƙarfinka, wanda ke zaune a bakin ƙofa da ƙyar zai ji ɗan ƙis-ƙis kamar ana karce bayan kwano. Gangar jikinta curarren katako ne, babu ƙoƙo, babu fatar da za ta amsa. Garaya da gurmi da goge kuwa da muryarsu ake haifarsu: ƙwarya ko itacen da aka fafe, da fatar da aka ɗame a kai, su ne ke karɓar rawar tsirkiya su mayar da ita amon da ke cika zaure. Duk wani kuka ko ruri da mai karatu ya taɓa ji daga jitar lantarki, asalinsa wasu ƙananan abubuwa ne da ke kwance a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Masu sana'ar suna kiransu fikof, sunan da a wurinmu ya fi dacewa da motar ɗaukar buhunan masara. Ni na fi so in kira su kunnuwa, domin aikinsu ke nan.

Idan aka buɗe kunne ɗaya, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. 'Yan sandunan ƙarfe ne shida masu ɗauke da maganaɗisu, ɗaya a ƙarƙashin kowace tsirkiya, sai wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai da aka naɗa kewaye da su wajen sau 8,000. Tsirkiyar ƙarfe tana zaune a cikin ikon maganaɗisun. Idan ta yi rawa sai ta girgiza wannan iko, girgizar kuma ta haifar da 'yar wutar lantarki a cikin naɗin, wadda ke kai da komo daidai da yadda tsirkiyar ke kai da komo. Wutar ba ta isa ta kunna ko fitilar wasan yara ba. Amfilifaya ce ke karɓarta ta kumbura ta, lasifika kuma ta mayar da ita motsin iska. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Ingila a 1831, kuma ita ce ke aiki a cikin kowane janareta da ke hana mu barci. Sai da aka shekara 100 kafin George Beauchamp ya ɗora ta a kan jita a Amurka a 1931. Shi da Adolph Rickenbacker suka fara sayar da ita a 1932, aka yi mata laƙabi da kaskon suya saboda siffarta.

A nan ne maganar ta shafe mu. Wannan kunne motsin ƙarfe kaɗai yake ji. Ka kafa baki a kansa ka rangaɗa kirari, ko gezau. Tsirkiyar goge da ta kukuma gashin wutsiyar doki ce, garaya da gurmi kuma yau da yawansu da zaren roba ake ɗaure su, irin wanda masuntan Tiga ke ɗaura ƙugiya da shi. Maganaɗisu ba ruwansa da gashin doki, ba ruwansa da roba. Saboda haka dabarar da ta ɗauko jita daga bayan fage, inda ƙahonni da ganguna ke danne ta a ƙungiyoyin makaɗan Amurka, ta mayar da ita sarauniyar dandali, ta bi ta gefen kayan kiɗanmu ta wuce ba ta ko yi musu sallama ba. Babu wanda ya ƙulla mana wannan da mugunta, amma sakamakon yana nan a filayen bikinmu.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta ɓalle daga titin Zariya a Kwanar Dangora, ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ta nufi Doguwa da Saminaka, ya san yadda ƙauyukan nan ke komawa da kaka. An karye masara, an yanke shinkafa, kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwa su ɓarke ko'ina. Abin da ke tashi a filin biki yanzu shi ne janareta da manyan lasifikoki biyu da wani saurayi mai kwamfuta. Waƙoƙin da yake saki a situdiyo aka haɗa su da fiyano. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda fiyanon Yamaha samfurin PSR ya shiga situdiyoyin Kano a shekarun 1990, ya zo da sarewa da ganguna a cikinsa a dafe, mutum ɗaya ya wadatar a inda dā sai an tara biyar. Idan an gayyaci mai garaya, galibi don a faranta wa tsofaffi ne. Sai a miƙa masa makirfo ɗaya, ya rasa bakinsa zai ba ko garayar. Na taɓa ganin wanda aka ɗaure wa makirfon a jikin garaya da yankin robar tayar keke. Da an ƙara murya sai lasifika ta tsala ihu, domin makirfon yana jin garayar yana kuma jin lasifikar, sautin ya yi ta zagayawa yana ninka kansa. Jama'a suka toshe kunnuwa, saurayin ya rage murya, dattijon ya ci gaba da kaɗawa, ana ganin hannunsa ba a jin kiɗansa. Ba wanda ya ce masa ya tashi, amma kowa ya san an sallame shi.

A Kwanar Dangora akwai wani mai gyara da nakan tsaya wurinsa idan rakodata ta ƙi. Ya haura shekara sittin. Da rediyo da kaset ya fara, ya koma talabijin, yanzu abincinsa yana cikin amfilifayoyin masallatai da naɗin koyil ɗin fanka da fitilun sola. Wata ranar kasuwa ina zaune a kan bencinsa, wani malamin firamare daga Tudun Wada ya sauko daga babur da wani abu dogo a cikin buhun shinkafa. Jita ce, kwaikwayon samfurin Stratocaster ƙirar Sin, gwanjo, ya sayo ta a Sabon Garin Kano. A wannan yanki na fi ganin jita a hannun mawaƙan majami'u, shi ma wurin wani abokinsa na makaranta da ke kaɗa ta a can ya koya.

Bayan sun gaisa ya ce, "Baba, so nake ta yi magana irin ta garaya."

Mai gyaran ya juya ta gaba da baya, ya dube shi ta saman tabarau. "To, ɗana, me ya hana ka sayi garayar? Ai ta fi wannan araha."

Amsar ta ɗauki lokaci. Kakansa makaɗin mafarauta ne a wani ƙauye da ke bakin Falgore. Mahaifinsa bai gaji kiɗan ba, almajiranci ya yi, garayar kuma ta zauna a rataye har fatar ta yage, gara ta cinye saura. Shi hannunsa a jita ya buɗe, amma amon da ke cikin kansa na kakansa ne. Kuma ya ga abin da lasifika ke yi wa masu garaya a wajen biki, ba ya so a yi masa.

Mai gyaran bai yi alkawarin komai ba. Ya jona jitar da wata tsohuwar amfilifaya, kafin a taɓa tsirkiya ko ɗaya sai gurnani ya cika rumfar. Wannan gurnani shi ne abokin gabar duk mai jita. Naɗin da ke jin motsin tsirkiya yana kuma jin duk wani ikon maganaɗisu da ke yawo a kusa, daga wayoyin wuta da taransifoma da fanka. Wutar Najeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, shi ya sa gurnaninmu ya ɗan fi nasu kauri. A ƙauye ma abin ya fi ban dariya, domin ƙaramin janareta sai ya juya sau 3,000 a minti kafin ya ba da wannan 50 ɗin, kuma da an ɗora masa nauyi sai juyinsa ya ragu. Mai kunnen basira zai iya gane lokacin da mai shayi ya jona firjinsa daga yadda muryar gurnanin ta sauka.

Maganin an daɗe da samo shi. Seth Lover, injiniyan kamfanin Gibson, ya nemi rajistar dabararsa a 1955, aka fara ɗora ta a jitocin kamfanin a 1957: naɗi biyu gefe da gefe, wutar ɗaya tana bin hannun dama ta ɗayan tana bin hagu, maganaɗisunsu kuma a juye. Gurnanin da ya shigo daga waje yana shiga naɗin biyu da fuskoki masu saɓani, sai ya kashe kansa. Motsin tsirkiya kuwa, da yake an juya shi sau biyu, sai ya dawo daidai ya haɗu ya ƙaru. Mai gyaran bai taɓa jin sunan Seth Lover ba, amma ya shekara talatin yana naɗin koyil. Ya kwance murfin jitar, ya kifa kunnuwan uku, ya ga kowanne da ɗan falon maganaɗisu manne a bayansa, kamar yadda ake yi a masu araha. Ya kusanto da wani guntun maganaɗisu na tsohuwar lasifika ya ga duka ukun fuska ɗaya suke kallo. Sai ya ɓamɓare na tsakiya da bakin wuƙa, ya juya shi, ya mayar, ya musanya wayoyinsa biyu. Da aka tura makunni inda yake haɗa na tsakiya da maƙwabcinsa, gurnanin ya faɗi warwas. Ragowar zizar da ta saura, wadda fitilu da cajojin waya ke haifarwa, ya rage ta da shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin da kayan ke zaune, ya jona ta da wayar ƙasa.

Duk wannan share fage ne. Jitar ta yi shiru, amma har yanzu jita ce: amonta dogo, mai ƙyalli, yana ja kamar ba zai ƙare ba. Amon garaya gajere ne. Farke ya bugi tsirkiya, fata ta amsa da wani dum mai kauri, sai ya mutu nan da nan ya ba na bayansa wuri. A wannan gajartar ne gudun kiɗan mafarauta yake. Mai gyaran ya fara da abin da ba ya buƙatar wuta ko kaɗan: ya yanko ɗan siririn soso daga tsohuwar katifa ya cusa a ƙarƙashin tsirkiyoyin, dab da inda suke hawa ƙarfen da ke tallafe su. Nan take jan amon ya ragu. Sannan ya koma kan 'yar kafasitar da ke bayan abin murɗawa, wadda aikinta shi ne ta kwashe siraran sautuka ta zubar da su ƙasa ta bar masu kauri su wuce. Ya gwada uku daga cikin gwangwanin da yake tara gawarwakin rediyo, malamin yana kaɗawa yana girgiza kai, har aka zo kan wadda ta sa ya dakata.

Abin da ya rage shi ne bugun, wato ƙarar haɗuwar farke da tsirkiya da jiki, wadda kunnen maganaɗisu bai san da ita ba. A nan ne kunne na biyu ya shigo. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da idan aka matsa su sukan fitar da wutar lantarki. Ana kiran abin fiyezo. Shi ne ke tsartar da wuta a cikin laitar kunna gas, shi ne kuma ɗan faifan tagullar nan mai farin tsakiya da ke ƙara a cikin agogon tashi daga barci. Idan aka ba shi wuta sai ya girgiza ya yi ƙara, idan aka girgiza shi sai ya ba da wuta. Ba ya tambayar ko tsirkiya ƙarfe ce ko gashin doki, duk abin da ya girgiza jikin da aka manna shi a kai zai ji. Mai gyaran ya ciro ɗaya daga mataccen agogo, faɗinsa bai wuce na tsohon kwabo ba, ya manna shi a cikin ramin bayan jitar.

Da aka jona shi kai tsaye, abin da ya fito ya ba kowa kunya: wani siririn sauti kamar ana kaɗa cokali a gwangwani. Nan ne mafi yawan masu gwada wannan dabara ke watsar da ita. Fiyezo kamar idon ruwa ne mai tsiyaya a gindin dutse. Ruwansa garau, amma idan ka zura masa tiyon injin ban ruwa sai ya ƙafe nan take, ka zuƙo iska da yashi. Ƙofar amfilifayoyin da ake haya a wajen biki tana zuƙa fiye da abin da yake iya bayarwa, kuma sautuka masu kauri ne ke fara salwanta. Ana buƙatar mai shiga tsakani, wanda zai ɗebi kaɗan daga fiyezon ya ba amfilifaya mai yawa daga aljihunsa. Taransista ɗaya, da rezistoci uku, da kafasita biyu, da batir mai bolt 9 sun isa. Ya haɗa su a kan ɗan allon da bai kai kwalin ashana ba. Jitar tana da abin murɗawa uku, sai ya ƙwace na ƙarshe ya ba sabon kunnen, yadda malamin zai iya gauraya muryoyin biyu gwargwadon yadda ya so. Ya kuma canza ramin jona waya da irin mai ƙafa uku, ta yadda batirin ba zai fara aiki ba sai an soka waya. Wannan ƙaramar dabara ta burge ni fiye da sauran, domin ta mutumin da ya san kuɗin batir ce.

Ina kallon hayaƙin da ke tashi daga bakin ƙarfen liƙinsa sai Riruwai ta faɗo mini a rai. Abin da yake narkarwa gaurayen kuza ne da dalma, kashi 60 da kashi 40, yana narkewa kafin zafi ya kai digiri 200. A duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa, mutane suna haƙo kuza suna narka ta tun kafin zuwan Turawa, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwar Kano. Naɗin da ke hannunsa kuwa daga Sin aka yo odarsa, ya sauka a Legas, ya hau mota zuwa Sabon Gari, sannan ya juyo kudu ya tsaya a inda Riruwai ba ta fi tafiyar 'yan sa'o'i ba.

Sai a zuwa na uku malamin ya faɗi abin da ke damunsa. Ya ce komai ya yi, amma amon ya cika tsabta. Garayar kakansa tana da ceba, wato ɗan falon ƙarfen nan mai ƙananan zobba a gefe da ake sokawa a ƙarshen sanda, wanda ke zirr a bayan kowane bugu. A makarantar injiniyoyin sauti, irin wannan ziza aibi ce da ake farautarta a kashe. A wannan nahiya kuwa da gangan ake nemanta. Masu balafon a Mali da Gini suna huda goran da ke ƙarƙashin itatuwan su rufe hudar da farin yanar da gizo-gizo ke adana ƙwansa a ciki, don ta yi ziza. Masu mbira a Zimbabuwe suna ɗaura marafan kwalba. Su ma Turawan daga baya sun biyo sahu: a 1964 Dave Davies na ƙungiyar The Kinks ya sa reza ya tsaga takardar lasifikarsa don amon ya dusashe, kuma yau akwai masana'antu da ba su da wani aiki sai ƙera akwatunan da ke ɓata sautin jita. Mai gyaran ya yanko marfin gwangwanin tumatir, ya huda gefensa, ya zura zobban waya, ya ɗaure shi a kan jitar wajen maɗaurin tsirkiyoyi, ya manna fiyezo na biyu a kusa. Wayarsa ta biyo gefen wuyan jitar an danne ta da salatif. Kallo ɗaya za ka yi mata ka ce haɗin gambiza. Da malamin ya kaɗa, wani mai sayar da rake da ke gefe ya juyo yana neman inda mai garayar yake.

Mu 'yan boko muna da wata irin ƙauna ga abin da ya fito daga kwali ba a taɓa ba, muna kuma kallon duk abin da aka buɗe aka sauya a matsayin wanda darajarsa ta zube. Tarihin jitar lantarki bai goyi bayanmu ba. Les Paul ya ɗauki guntun katakon gini wajen 1940 ya kafa masa wuya da kunnuwa. Samfurin Stratocaster da Leo Fender ya fitar a 1954 makunninsa matsayi uku gare shi, makaɗa ne suka gano cewa idan aka tsayar da shi a tsakani ana samun wata murya dabam, har wasu suna tokare shi da tsinken ashana. Sai a 1977 kamfanin ya sallama ya mayar da shi mai matsayi biyar. Brian May na ƙungiyar Queen shi da mahaifinsa suka sassaƙa jitarsa a farkon shekarun 1960 da katakon tsohon murhun ɗaki, kuma da ita ya yi suna.

Wanda ya fi kusa da mai gyaran Kwanar Dangora shi ne Mingiedi Mawangu na Kinshasa, wanda ya kafa ƙungiyar Konono a 1966. Abin kiɗansu likembe ne, ɗan akwati mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu, hayaniyar birni kuma ta fi ƙarfinsa. Sai ya ciro maganaɗisu daga tarkacen motoci ya naɗa wa kansa kunnuwa. Amon da ya fito a dusashe yake, mai tsatsa, kuma wannan tsatsar ce ta ja hankalin duniya lokacin da faifansu Congotronics ya fita a 2004. A Nijar, Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, faifansa na farko mai suna Anar kuma a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar murɗa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba ma sai mun tsallaka iyaka ba. Hanyar nan ta Doguwa idan ka bi ta za ta kai ka Jos, inda Dan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya shafe rayuwarsa yana gaya wa ƙasa gaskiya da kuntigi, abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake yin jikinsa da gwangwanin kifi.

Akwai wani ɓangare na aikin da mai gyaran ya fi ɗaga murya a kansa, kuma ya dace duk mai ɗa ko ƙane da ke wasa da irin waɗannan kaya ya sani. Tsirkiyoyin jitar lantarki a jone suke da jikin amfilifaya ta wayar ƙasa. Muddin hannun makaɗi yana kansu, shi ma a jone yake. Idan amfilifayar jita ko ta makirfo tana yoyon wuta, kuma babu sahihiyar hanyar da wutar za ta bi ta shige ƙasa, to ranar da leɓensa ya taɓa makirfo hannunsa na kan tsirkiya, ƙirjinsa ne hanyar. Haka Leslie Harvey na ƙungiyar Stone the Crows ya mutu a kan dandali a garin Swansea na Birtaniya a 1972, a gaban masu kallo. Wutarmu bolt 230 ce, kuma kowa ya san yadda ake jona kaya a filin biki: an karye ƙafa ta uku ta fulogi, ko an zura tsirarar waya a soket an tokare ta da tsinke. Ya sa malamin ya sayi abin gwada wuta mai kama da sukuddireba, ya kuma ce masa duk inda ya je ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa ya jona jikin janareta da na amfilifaya da ita, idan lokacin hunturu ne ya zuba ruwa a gindinta, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai. "Ka ji ko, ɗana? Kiɗa bai kai a mutu a kansa ba."

Shin jitar ta zama garaya? A kunnena, a'a, kuma babu taransistar da za ta iya kai ta can. Wuyan jita a gitte yake da ƙananan ƙarafa da suka raba tsanin sauti gida 12 daidai wa daida, bisa lissafin kiɗan Turai. Sandar garaya sumul take. Yatsan makaɗi yana sauka inda kunnensa ya ce, yana zamewa tsakanin sauti da sauti yana bin hawa da saukar karin harshen Hausa, shi ya sa maharbi ke jin kirarinsa a cikin tsirkiya tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Malamin yana iya tura tsirkiya gefe ya kusanci wannan, amma kusanta ce kawai. Abin da ya samu wani abu ne na uku da ba shi da suna tukuna, kuma na fi son jin sa a kan garayar da ke cikin fiyano, wadda kullum bugu ɗaya take maimaitawa ba ta san wanda ya shigo fili ba. Ya yi maganar cire ƙarafan wuyan gaba ɗaya ya cike gurabensu. Mai gyaran ya ce wannan aikin kafinta ne, shi nasa ya ƙare a inda waya ta ƙare.

Ribar aikin ta ɓullo ta inda ba a zata ba. Bayan 'yan watanni wani mai garaya daga wajen Doguwa, da ya ji jitar a wani biki, ya zo da tasa garayar a saɓe yana neman a dasa mata irin wannan kunne. Allon da batirin ba su ba da wahala ba, an saka su a cikin gwangwanin man shafawa da zai rataya a ɗamara. Gardamar a kan inda za a manna faifan ta tsaya. Mai gyaran yana so a sa shi a kan fata dab da jaki, wato ɗan itacen da tsirkiyoyi ke hawa, domin nan ne girgiza ta fi ƙarfi. Mai garayar ya ce gam ba zai taɓa fatarsa ba, fatar da yake shanyawa a rana ko ya gasa a bakin wuta kafin kiɗa, wadda kuma idan ta gaji zai sake. Da aka gwada a jikin itacen sai amon ya fito a bushe, babu dum ɗin. Wani mai sayar da zuma ne ya raba su, ya ce a gwada kaki. Kakin zuma ya riƙe faifan, ya bar girgiza ta wuce, kuma ana ɓamɓare shi ba ya barin tabo. Aibinsa ɗaya: da bazara, idan rana ta take, yakan yi laushi faifan ya zame a tsakiyar waƙa. Mai garayar yanzu da ɗan curin kaki yake yawo a aljihun gaba, tare da goro da batir na biyu.